Kilematis ɗaya ta ƙi fure, ɗayar ta yi yaushi rana ɗaya: ina matsalar take?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da muka koma wani gida a arewacin Landan, inda na tarar da wata shuka mai yaɗo a jikin shingen katakon bayan gida, maƙwabciyata ta ce sunanta kilematis. A shekarar farko, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, ta rufe shingen da furanni masu faɗin tafin hannu, fari-fari da ratsin ja a tsakiyar kowane kunne. Da Nuwamba ya zo ta bushe ta yi muni, sai na sa aka datse ta daidai gwiwa. Bana ta yi ganye sosai, amma fure sai 'yan ƙanana a Agusta. Na kuma sayo wata a kanti cikin Mayu tana ɗauke da fure, na dasa ta a gindin bango, bayan mako uku ta yi yaushi rana ɗaya, ganyen ya yi baƙi. Taki ne ya yi kaɗan, ko ƙasar ce ba ta da kyau? In tumɓuke ta biyun? Sannan ko zan iya kai irinta gida Kano?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tambayar taki ta haɗa matsaloli biyu da ba su da dangantaka da juna, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ƙarancin taki ya jawo. Ta farkon lafiyarta ƙalau, almakashi ne ya kwashe mata furenta tun kafin ya fito. Ta biyun kuwa ta gamu da cuta, ko rauni, ko ƙishirwa, kuma akwai kyakkyawan zaton cewa saiwarta tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, saboda haka kada ki tumɓuke ta tukuna.

Kafin a kai ga magani ya kamata ki san cewa kilematis ba shuka ɗaya ba ce. Dangi ne babba mai jinsi fiye da 300, kuma kusan duk waɗanda ake sayarwa a nan barbara ce da masu lambu suka haɗa daga jinsunan Sin da Japan da kudancin Turai. Ingila tana da tata ta daji, vitalba, wadda za ki gani tana lulluɓe shingayen gonaki a yankunan ƙasa mai alli, amma furenta ƙanana ne, ba ita ake dasawa a gida ba. Manyan furannin da mutane suke sha'awa sun samo asali ne a ƙarni na 19, bayan an kawo jinsin patens daga Japan da na lanuginosa daga Sin. A 1858 gidan renon tsirrai na George Jackman da ke garin Woking a kudancin Ingila ya haɗa lanuginosa da zuriyar viticella ta kudancin Turai, abin da ya fito ya yi fure a 1862, shi ne Jackmanii mai launin shunayya da har yau ake sayarwa. Bisa kwatancen da kika yi, ta farkon ta fi kama da Nelly Moser, wadda aka fitar a Faransa a 1897. Ba zan rantse da sunan ba tun da ban gan ta ba, kuma akwai wasu masu irin wannan ratsin, amma sunan bai kai lokacin furen muhimmanci ba, shi kuwa kin faɗe shi.

Almakashin Nuwamba

Dalilin kawo wannan tarihi shi ne kowace barbara ta gaji ɗabi'ar kakanninta wajen inda take ɗora fure. Wasu suna fure a kan reshen bara, wasu a kan reshen bana, wasu kuma suna yin duka biyun. A kan haka aka kasa su rukuni uku, kuma lambar rukunin tana rubuce a jikin takardar da ake rataya wa shukar a wurin sayarwa.

Rukuni na ɗaya su ne masu fure da wuri, daga ƙarshen hunturu zuwa Mayu: montana da aka kawo daga tsaunukan Himalaya a 1831, da alpina, da macropetala, da armandii mai ganye duk shekara. Waɗannan ba su bukatar datsa, sai dai in sun fi ƙarfin wurin, a rage su da zarar furen ya kaɗe. Rukuni na uku su ne masu fure daga Yuli zuwa Satumba a kan sabon reshe, irin su Jackmanii da viticella da tangutica mai ruwan ɗorawa. Su ake datsewa ƙasa-ƙasa a Fabrairu ko farkon Maris, a bar kamar santimita 20 zuwa 30, daidai saman ido biyu masu ƙarfi, wato wurin da sabon reshe yake tohowa, kuma ba su damu ba, domin duk abin da za su yi a shekarar daga ƙasa za su faro shi.

Ta farkon tana rukuni na biyu, wanda shi ne ya fi rikita mutane. Manyan furannin Mayu da Yuni suna fitowa ne a kan gajerun rassa da suke tohowa daga idanun reshen bara. Wato waɗancan busassun igiyoyin da kika gani a Nuwamba, waɗanda suka ɓata miki shinge, su ne suke ɗauke da furen shekara mai zuwa. Reshen kilematis a hunturu yakan yi kama da matacce, siriri, ruwan ƙasa, ɓawonsa yana sassaɓewa, amma in kika kankare shi kaɗan da farce za ki tarar da kore a ciki. Da aka datse su daidai gwiwa, shukar ta shafe Afrilu da Mayu da Yuni tana sake gina jikinta, sannan ta yi zagaye na biyu kawai, wanda bisa ɗabi'a yakan zo a Agusta da furanni ƙanana. Abin da kika gani ke nan, ba ƙari ba ragi. Masu lambu a nan suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ga wanda ya gaji shuka bai san sunanta ba: duk wadda ta buɗe furenta kafin tsakiyar Yuni, kada a kai mata almakashi ƙasa a lokacin sanyi.

Asarar ba ta wuce ta shekara ɗaya ba, har ma akwai riba a ciki. Tsohuwar kilematis ta rukuni na biyu takan zama tsirara a ƙasa, furen duk ya tattaru can sama inda maƙwabta suka fi mai gida ganinsa, kuma maganin hakan shi ne a datse ta sosai duk bayan shekara uku ko huɗu domin ta fito da sabbin rassa daga tushe. Kin riga kin yi mata wannan, sai dai a watan da bai dace ba.

Bana ki bar ta yadda take duk munin da za ta yi. Abin da kawai za ki yi kafin iskar hunturu shi ne ki ɗaure rassan da suke reto, kada su karye. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Maris idanun za su kumbura su yi kore, biyu-biyu suna fuskantar juna a kowace gaɓa. A lokacin sai ki ɗauki almakashi mai kaifi ki fara daga saman kowane reshe, ki bi shi ƙasa a hankali har ki iske ido biyu na farko masu ƙiba, ki yanke daidai samansu. A wasu rassan ɗan taƙi kawai za ki cire, a wasu kuma da suka mutu gaba ɗaya za ki bi su har tushe. Aikin yana cin lokaci saboda rassan a sarƙe suke, kuma ni a lambunan da nake kula da su na fi son in bar reshen da nake shakka a kansa har mako biyu, in bai toho ba sannan in cire. Bayan furen Yuni ya kaɗe, ki yanke kowane kan fure zuwa ganye biyu masu lafiya da ke ƙarƙashinsa, ki ba ta ruwa da taki, za ta sake zagaye a Agusta ko Satumba. Ki sa safar hannu, domin ruwan jikin kilematis yana sa ƙaiƙayi da ƙuna a fatar wasu mutane, kuma in akwai ƙananan yara a gidan a hana su sa ganyen ko furen a baki, yana ƙona baki yana ɓata ciki.

Wadda ta yi yaushi

Wannan ta fi bukatar bincike, domin abubuwa huɗu suna iya sa kilematis ta langaɓe cikin yini ɗaya, kuma daga nesa kamanninsu ɗaya. Akwai cutar yaushin kilematis, wadda wata funfuna mai suna Calophoma clematidina take haddasawa. Tana shiga ta tabon ganye ko ta raunin reshe, ta ruɓar da reshen a wuri ɗaya, yawanci kusa da ƙasa, sai ruwa ya daina hawa, duk abin da ke sama ya zube. Ta fi kama masu manyan furanni, kuma ta fi zuwa a daidai lokacin da shukar take cike da fure ko tana gab da buɗewa. Alamarta ita ce sandar ganyen tana yin baƙi, kuma in an tsaga reshen a tsaye daga wajen da yaushin ya fara za a ga baƙi a cikinsa. Baƙin da kika ambata ya sa ban kore wannan ba.

Sai dai a aikace, yawancin waɗanda ake kira na in duba da sunan wannan cuta, ba ita nake tararwa ba. Dodon koɗi, da ɗan'uwansa marar ƙoƙo wanda ya cika lambunan Landan, suna gaigaye ɓawon reshe a gindin shuka da dare, su bar shi fari fat, reshen ya mutu daga nan zuwa sama. Iska ma tana karya reshen da ba a ɗaure ba, ko ya tsage wajen dashe ba a lura ba, domin reshen ƙaramar kilematis gautsi ne da shi ƙwarai. Na huɗu kuma ƙishirwa, wadda a gindin bango ita ce na fi zargi. Ki durƙusa ki duba santimita goma na farko daga ƙasa, ki tsaga reshe ɗaya, sannan ki tona da yatsa ki ji ko ƙasar tana da danshi a zurfin saiwa. Waɗannan za su gaya miki abin da ni ba zan iya gaya miki daga nan ba.

Ko wanne ne daga cikinsu, matakin farko ɗaya ne. Ki yanke duk reshen da ya mutu har inda cikinsa yake fari mai lafiya, ko da hakan na nufin ki ɗan tona ƙasa ki yanke a ƙarƙashinta. Abin da kika yanke ki zuba a kwandon shara, kada ki haɗa shi da takin da kike tarawa, ki kuma goge almakashin da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ki taɓa tsohuwar da shi. Babu maganin feshi da ake sayar wa masu lambun gida saboda wannan funfuna, don haka kada mai kanti ya sayar miki da abin da ba zai yi aiki ba. Funfunar ba ta cika kashe saiwa ba. Ki kafa sanda a wurin don kada a tattake shi, ki ci gaba da ban ruwa kamar shukar tana nan, ki jira har Mayu mai zuwa. Na sha ganin wadda aka fid da rai da ita ta turo sabon tsiro daga ƙasa bayan hunturu. In dodon koɗi ne, ƙwayoyin maganin da ke da sinadarin ferik fosfet su ne aka yarda da su yanzu, tun da an haramta masu metaldihaid a Birtaniya daga Afrilun 2022, ko da yake fita da tocila bayan magariba a tsince su da hannu ya fi komai tasiri a makonnin da tsiron yake ƙarami.

Yadda ya kamata a dasa

A ganina matsalar ta biyun ta fara ne tun daga kanti. Waɗanda ake sayarwa da arha a 'yan ƙananan robobi jarirai ne, an tilasta musu fure a ɗakin gilashi domin su ja idon mai saye, alhali saiwarsu ba ta cika hannu ba. Irin waɗannan gara a mayar da su babbar tukunya su shekara a ciki kafin a kai su ƙasa. In za ki sake saye, ki nemi wadda take cikin tukunya mai cin lita biyu ko fiye, mai rassa biyu ko uku daga tushe, ko da babu fure ko ɗaya a jikinta. Lokacin dashe mafi kyau shi ne Satumba da Oktoba, lokacin da ƙasa take da ɗumi da danshi, ko kuma Maris da Afrilu.

Gindin bango shi ne wuri mafi bushewa a kowane lambu. Bangon yana tare ruwan sama, bulo da harsashin ginin kuma suna tsotse ɗan danshin da ya rage, ta yadda za a kwana ana ruwa amma ƙasar da ke manne da bangon tana nan a bushe. Ramin ya kasance aƙalla santimita 30 zuwa 45 daga bango ko shinge, a jingina sandar gora daga shukar zuwa abin da za ta hau. Ƙasar yawancin Landan yumɓu ce mai nauyi, tana riƙe ruwa a hunturu ta daskare ta tsattsage a lokacin zafi. Kilematis tana son danshi amma ba ta son kwana cikin ruwa, don haka a yi ramin da faɗi, ninki biyu na tukunyar, a farfasa ƙasansa da gefensa da cokalin tono, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki sosai. In kika zuba bokitin ruwa a ramin ya wuce awa ɗaya bai tsotse ba, ki canja wuri ko ki ɗaga ƙasar ta yi tudu.

Abin da ya bambanta dashen kilematis da na sauran shuke-shuke shi ne zurfi. Masu manyan furanni ana binne su ta yadda saman curin saiwar zai kasance santimita 5 zuwa 8 a ƙarƙashin ƙasa, domin gaɓa ɗaya ko biyu su shiga ciki. Waɗannan idanun da aka binne su ne ajiyar shukar: in cuta ko dodon koɗi ya cinye na sama, daga nan za ta sake tashi. Wannan bai shafi armandii da alpina da sauran na rukuni na ɗaya ba, su daidai fuskar ƙasa ake dasa su, in an zurfafa su a yumɓu sukan ruɓe. Sannan duk sabuwar dashe, ko daga wane rukuni take, a Fabrairu ko Maris na farko a datse ta zuwa kamar santimita 30. Mutane ba su son jin wannan domin yana rage furen shekarar farko, amma shi ne yake sa ta yi rassa da yawa a maimakon igiya ɗaya tilo wadda in ta karye shi ke nan.

Ban ruwa a shekarar farko ya zama mai yawa jefi-jefi: cikakken bokiti sau ɗaya ko biyu a mako in babu ruwan sama, a zuba a hankali ya nutse. Yayyafi kullum saman ƙasa kawai yake jiƙawa. Za ki ji ana cewa kilematis tana son kanta a rana, gindinta a inuwa, har wasu su jera mata fale-falen duwatsu a tushe. Maganar gaskiya ce, amma duwatsun masauki ne ga dodon koɗi. Na fi son a shimfiɗa ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita biyar a kewaye, ba tare da ya taɓa rassan ba, ko a dasa wata gajeriyar shuka a gabanta. Af, in tsohuwar Nelly Moser ce, ita ma kanta ba ta son rana mai tsanani, launinta yana koɗewa, shi ya sa take kyau a shingen da rana ba ta daɗewa a kansa.

Wajen hawa kuma, ba ta nannaɗe turke da jikinta yadda doya take yi, kuma ba ta manne wa bango. Sandar ganyenta ce take murɗawa a jikin abin da ta samu, saboda haka abin ya zama siriri, bai kai kaurin fensir ba: waya da aka ja a kwance, ko ragar waya, ko igiya mai ƙarfi. Katako mai faɗi ba ta iya kama shi. In kina ɗaure sabbin rassa, ki kwantar da su gefe da gefe a maimakon ki bar su su miƙe sama, furen zai fi yawa ya kuma sauko daidai ido.

Taki, wanda shi kika fara zargi, shi ne mafi ƙarancin magana. Ruɓaɓɓen taki da ɗan takin fure a Maris, sai takin ruwa na tumatir duk mako biyu daga Afrilu har furen ya fara buɗewa, ya wadatar. Takin ciyawar tsakar lambu, mai yawan naitirojin, in yana kaiwa gindinta ganye zai ƙara mata, fure ya ragu.

In har ta biyun ba ta dawo ba, shawarata kada ki maye gurbinta da wata mai manyan furanni. Ki nemi zuriyar viticella, irin su Étoile Violette ko Madame Julia Correvon ko Polish Spirit. Furensu bai kai na tsohuwar girma ba, amma yana zuwa da yawa daga Yuli har Satumba, har da lokacin da tsohuwar take hutawa, cutar yaushi ba ta cika taɓa su ba, kuma datsarsu ba ta bukatar tunani, a yanke su ƙasa a Fabrairu kawai. Sai dai kada ki dasa ta inda rassanta za su sarƙe da na tsohuwar, domin ranar datsa ba za ki iya bambance wanda za a yanke da wanda za a bari ba. Montana kuwa ki ƙyale ta in lambun ƙarami ne, takan kai mita takwas ko fiye, kuma nauyinta yana iya kayar da shingen katako.

Batun Kano

Ba na ba ki shawarar ki wahalar da kanki. Waɗannan barbarar an gina su ne a kan hunturu mai tsawo da suke zubar da ganye su yi barci na watanni, sanyin Kano kuwa na dare da safiya ne, da rana ta ɗaga ya wuce. Ga kuma zafin Afrilu da yake haura digiri 40, wanda saiwar da take son ƙasa mai sanyi da danshi ba za ta jure ba ko a inuwa. Wurare masu tudu irin Jos, da ke sama da mita 1,200, ko Mambila, sun fi kusa da abin da take so, kuma a Afirka ma dangin kilematis na daji a irin waɗannan wurare aka fi samun su, kamar simensis a tsaunukan Habasha, mai ƙananan fararen furanni. Ban da haka, ketare iyakar ƙasa da shuka mai rai yana bukatar takardun hukumar kula da lafiyar tsirrai. In katangar gidan Kano kike son ki rufe da launi, boganbiliya, shukar nan mai yaɗo mai ƙaya, za ta yi miki abin da kilematis ba za ta yi ba, kuma a tsakiyar rani take fi yin fure.